Kawu, an yanka hotunanka

Briqueterie, Yaoundé
Ranar Asabar da hantsi

Kawu Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka yadda aka koya mana fara wasiƙa, ko da yake na san ba za ka karanta ba, babu kuma wanda zan ba ya kai maka. Tun da motar nan ta kife da ku a hanyar Douala ban zauna na yi doguwar magana da kowa ba. Dama ka san ni da nauyin baki. Amma abin da na gani a makon nan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Kaka tana nan, ta rage cin abinci, carbi ba ya barin hannunta. Tanti Mairo tana takaba a ɗakinka. Inna ta koma tuyar masa. Ruwa yana ta zuba, kwatar bayan gida ta sake cika. Mahauta har yanzu in na wuce sai su ajiye wuƙa su yi mini gaisuwar Dokta, yadda suke kiran ka.

Kawu, an ba da hotunanka.

Kwalayen nan nake nufi, na ƙarƙashin gado da na kan kabad, waɗanda ka kwaso daga asibiti don ka ce danshi zai ɓata su a can. Hotunan ƙasusuwan yara masu amosanin jini, da kake ɗauka duk shekara, yaran nan dai su ne ba ka canzawa, don ka gano lokacin da kan ƙashin cinya yake fara lalacewa tun yaro bai fara ɗingishi ba. Nawa ma suna ciki, tun ina firamare.

Bayan sadakar arba'in manya suka taru duba kayanka. Baba ya buɗe kwali ɗaya, ya ɗaga hoto a rana, ya ga ƙugun yaro, ya yi salati. Kaka ta ce wasu daga cikin yaran nan sun rasu, bai dace mai takaba ta riƙa kwana a kan ƙasusuwan 'ya'yan mutane ba. Wani ya ce a ƙona. Baba ya ce ɓarna ce, ai Malam Buba tela ya daɗe yana neman irin wannan leda mai tauri. Ina makaranta aka yi duk wannan. Da na dawo na ga wurin wayam, na ɗauka mutanen asibiti ne suka zo suka kwashe.

Ranar Laraba abokin aikinka ya zo, dogon nan mutumin Bafia mai babur. Ya yi ta'aziyya, sannan ya tambayi kwalayen da Faransanci. Ni aka kira in fassara. Ni na faɗa wa Baba tambayar, ni kuma na mayar wa baƙon da amsar, kuma a bakina na fara jin labarin. Mutumin ya nemi turmin Inna da ke kife ya zauna a kai. Sannan ya ce aikinka duka yana cikin jerawa ne, na bara kusa da na bana, hoto ɗaya tilo ba ya faɗin komai. Sai ya kalli ƙafata ta hagu. Ya ce ka gaya masa hoton bana ne za a gwada da na baya a san ko za a yi mini aiki ko a jira. Ba ka taɓa gaya mini haka ba. Wannan ban fassara wa kowa ba.

Da la'asar na tafi shagon Malam Buba. Ban san yadda ƙafata ta kai ni ba. Shagon cike yake da rigunan 'yan makaranta na faretin ashirin ga watan Mayu, ranar bikin ƙasa. Ina tsaye ya ɗauki hoto ɗaya, ya sa almakashi, ya fitar da siriri, ya zura shi cikin kwalar riga don ta tsaya. Na ga haƙarƙari ya shige cikin farin yadi. Wasu ya yanka su surar aska, yana ɗorawa kan babbar riga yana zana aiki. Kusurwar da ka rubuta suna da shekara ita yake fara cirewa ya yar, don takardar da ke manne tana ɓata masa ɗinki. Ya raba wa abokan sana'arsa har unguwar Nkomkana. Ba mugu ba ne, Kawu. Da ya gan ni ya yi maka addu'a mai tsawo, ya ce ko bayan ranka kana amfanar mutane. Na ce amin. Na juya na fito.

Me ya sa ba ka taɓa yi musu bayani da Hausa ba? Da baƙi kake zancen aikinka, da Faransanci, mu kuma muna kawo shayi. A gidan nan kowa yana alfahari da kai, amma babu wanda ya san abin da kake yi. Sun ɗauka hoto in an duba shi sau ɗaya ya gama aikinsa. Wa zan yi fushi da shi? Kaka da ta haife ka? Baba da ya ƙi a ƙona?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da za ka ɗauke ni hoto, kunya kamar ta kashe ni. In kwanta a teburin nan mai sanyi a gaban ƙanin uwata, in riƙe numfashi, in kalli rufi. Kana mini barkwanci ina kau da kai, ƙila ka ɗauka ba na son zuwa. Alhali in kana jera hotuna a taga ranar Lahadi, ni da nake yin kamar ina shara, kallo nake yi. Na koyi gane kan ƙashi mai santsi da wanda ya fara bajewa. Na so in ce maka aikinka nake son yi in na gama makaranta. Na yi ta shirya maganar a raina, in na zo gabanka sai in gaishe ka kawai in wuce.

Jiya ban shiga aji ba. Na bi teloli shago shago da buhun Inna, ni da ban iya taya tumatir a kasuwa ba, ina roƙon su ragowar. Wasu sun yi dariya, wasu sun kwashe mini har na ƙasa. Yanzu ga su nan na shimfiɗa a tabarma, ba suna, ba shekara. Uwar Sani, yaron nan na unguwar Ekoudou mai sanda, ta tare ni a hanya tana tambayar yaushe ne hoton bana. Na ce mata ban sani ba. Me zan ce mata?

Na samu nawa guda ɗaya. Na gane shi da inuwar 'yar layar ƙarfen da Inna take ɗaura mini a ƙugu, wadda na ƙi cirewa a shekarar farko ka kuma ƙyale ni. Layar tana nan, gefen dama yana nan lafiya lau. Gefen hagu, daidai inda kake sa yatsa ka daɗe kana kallo, an yanke shi. Yana wuyan wani yaro da zai yi fareti.

Ranar Litinin abokinka zai ɗauki sabo. Ya ce daga nan za mu fara ƙirga, sai baɗi a gwada. Ban tambaye shi ko ƙashin zai jira baɗi ba, don na ga amsar ba ta wurinsa. Kai ka gani, Kawu. Kai kaɗai ka san abin da ka gani.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Na bar ka a hannunSa.

'Yar yayarka,
Zulai