Shafi Ɗaya, Alƙalami Biyu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga autarku, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan, ya sa ka daina hawa bene da gudu kamar saurayi. Mu nan lafiya lau. Inna ta warke sarai, har ta koma yi wa maƙwabta faɗa ta taga.

Na san Manaja ya kira ka, tunda abokinka ne, kuma kai ka kai ni wurinsa shekara tara da suka wuce. To, ka ji ta bakina. Ka san babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ƙarin ruwa ta asibiti muke rubutawa. A cikinta akwai ɓangaren da ke karɓar adadin maganin da nas ta danna, akwai mai duba ko adadin ya wuce kima, sai mai tura maganin cikin jijiya. Da saƙo suke magana da juna. A da kowane saƙo sai an kwafe shi, abin yana cin lokaci. Ni na kawo dabarar haɗa aika saƙo da rabon ma'adanar na'urar, wato inda take ajiye bayanai shafi-shafi: maimakon kwafi, a miƙa wa mai karɓa shafin da saƙon yake ciki, a ƙwace shi daga hannun mai aikawa nan take.

Yanzu Manaja ya ce ƙwacewar nan ma ɓata lokaci ce, a bar shafin a hannunsu su biyu, don a ce na'urarmu ta fi ta kowa sauri. Yaya, wannan ai ba da akuya ne a riƙe igiya. Na gwada a kan teburina kwana huɗu, jakar ruwa tana ɗiga cikin bokiti. Sau ɗaya cikin dubu arba'in, mai duba ya ga biyar ya amince, kafin mai turawa ya karanta, ɓangaren da ya aiko da adadin ya rubuta hamsin a kai. Na nuna masa ƙiri-ƙiri. Ya ce sau ɗaya ba komai ba ne, in sa hannu a takardar amincewa kafin Litinin ko in ajiye katin shiga ofis. Na ce masa sau ɗayan nan hannun ɗan wani ne da allura a ciki.

Na san abin da za ka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse. Shekara tara ina dafa shi, ban ga romo ba. Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Aikin nan ina son shi kamar raina, kuma maigidana ya kwana biyu yana juya abinci a faranti. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ka ji ta bakinsa kaɗai, ka aiko in ba shi haƙuri. Aiki ka nema mini, Allah ya saka maka da alheri, amma ba ka jinginar masa da hannuna ba.

Ka gaida uwargidanka, da 'yan biyu, da Kawu idan ya leƙo. Inna tana sa maka albarka.

Idan Manaja ya sake kira, ka ce kada ya wahalar da kansa jiran Litinin. Katin yana kan teburinsa tun jiya, sakamakon gwajin kuma yana wurin hukumar da ke ba na'urar lasisi.

Ƙanwarka,
Auta