Ƙullin Ƙasa a Kujerun Tarago

Litinin, 6 ga Maris 2023
Alhaji Mahamadou ya ba ni aikin sake rufe kujerun tsohon taragon jirgin ƙasa da ya sayo daga Farku. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo shi, an girke shi a filinsa na unguwar Saga. Wai gidan abinci zai yi. Ni Safiya tela, ban taɓa shiga jirgi ba sai wannan da ba ya tafiya.

Laraba, 8 ga Maris
Na farke kujeru huɗu. Cikin kowace akwai ƙullin tsumma, ƙasa ce a ciki. Na zubar da biyu.

Alhamis, 9 ga Maris
Da azahar almakashina ya zame daga kan kujera, kamar an taka birki. Kujeru biyun da na zubar da ƙullinsu da ɗumi, kuma ba rana a gefen. Na dawo gida ƙafafu a kumbure kamar na kwana a mota. Tsoro nake ji, wallahi.

Asabar, 11 ga Maris
Na nuna wa Inna Fatuma, tsohuwar maƙwabciyata a unguwar Lazare. Ta ce, "Ke 'yar nan, ƙasar ƙofar gida ce. 'Yan ci-rani ke tafiya da ita don su dawo. Wanda ya bar tasa bai dawo ba." Ta murza a tafin hannu: ja ta Dogondutsi, fara ta wajen Tawa.

Talata, 14 ga Maris
Alhaji ya fasa. Leburori ba sa yarda su shiga, wai tsoro. Ya sayar wa maƙera, jibi za su yanka. Na ce a bar ni in gama farkewa. Ya ce, "Wa ya sa ki?" Ba wanda ya sa ni. Amma in aka ƙone kujerun da ƙasar ciki fa?

Alhamis, 16 ga Maris
Talatin da ɗaya na fitar kafin su iso. Inna ta ware su, na bi tasha ina roƙon direbobi kowa ya zubar a bakin garin da ƙasar ta fito. Suna ta dariya, amma sun karɓa. Tarago ya zama tukwane da murhu.

Lahadi, 19 ga Maris
Saura ɗaya, Inna ba ta gane ƙasar ba. Ƙullin yana kan tagar ɗakina. Yau na zuba tuwo kwano biyu, ban ankara ba, alhali ni kaɗai ce. Ban mayar ba.