Ba Shekara Uku Na Goye Ka Ba, Isiyaku

Zuwa ga aminina Malam Isiyaku, a Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalin ɗanka da kake zaune wurinsu, na ɗauki alƙalami ne da farko domin in gyara wani kuskure.

A ɗan littafin da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejinmu ta horon malamai ta buga, shafi na goma sha ɗaya, an rubuta cewa ni Lawal na goye ka shekara uku cur ina hawa da kai bene zuwa aji, har ka bar karatu don ra'ayin kanka, ka kama gyaran rediyo a Safana. An kuma sa hotona a gefe. Kuskure uku ne a jimla ɗaya. Ajinmu bai koma bene ba sai a shekarar ƙarshe. Goyon bai wuce wata biyar da 'yan kwanaki ba. Sannan ba don ra'ayinka ka tafi ba. Na nemi a sa kwafin wannan wasiƙa a zauren ƙungiyar na waya, domin wanda ya karanta yabon ya karanta gyaran.

Matakala ashirin da biyu ce. Kullum da safe kakan ajiye 'yan katakon da kake dafa ƙasa da su wajen rarrafe a gindinta, ka kama wuyana, mu hau. Kakan ce, "Lawal, ka sha koko sosai dai ko? Yau lissafi ne, ba na son makara."

Sai aka naɗa ni shugaban ɗalibai, aka ba ni farar riga. Ranar farko da na sa ta, hannuwanka suka bar shatin jar ƙasa biyu a ƙirjina. Wani malami ya nuna su a gaban taro, yara suka yi dariya. Washegari na iske ka a gindin matakala. Ka dubi rigar, ka dube ni, ka ce, "Wuce, Lawal, yau ba na jin daɗi." Na san lafiyarka ƙalau. Na wuce. Haka muka yi kwana uku, kana ba ni uzuri ina karɓa. A na huɗu aka wayi gari ka naɗe tabarmarka, motar kasuwa ta tafi da kai.

Wannan shi ne abin da ya faru. Kai ne na ɗaya a lissafi, ni na shida. Ni na zama sufeton makarantu.

Shekara talatin da ɗaya ina yawo a kan babur daga Yasore zuwa Karare, ina duba makarantu. Na yi rahoto a kan rajistar da ba a cike ba, da allon da ya koɗe, da kwanon da iska ta yaye. Na taɓa mayar wa wani hedimasta takardarsa sau uku saboda bai ja layi a ƙarƙashin kwanan wata ba. Ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kan matakala ba.

Idan aiki ya kai ni Safana nakan tsaya a rumfarka. Mu gaisa, mu tambayi gida da damina da gajiya, har gaisuwar ta ƙare, in hau babur in wuce. Sau biyu na kawo maka rediyon da babu abin da ya same shi. Ka buɗe, ka hure shi, ka mayar da murfin, ka miƙo mini. Na zo da magana, na koma da ita.

Yanzu ga dalilin da ya sa ba zan ƙara komawa da ita ba.

Ina da jika, Nafisa, 'yar marigayi Bashir ɗana. Shan inna ya kama ta tana shekara biyu, a keken guragu take tafiya. Tana aji biyu a jami'a, tana karanta ilmin haɗa magunguna. Ɗakin gwajinsu a bene yake. Samari huɗu ne ke ɗaga ta da kekenta su hau da ita, sau uku a mako. Yaran kirki ne, ba ni da abin cewa a kansu. Amma budurwa ce, Isiyaku, kuma ba muharramanta ba ne. Ran nan ƙafar ɗayansu ta zame, keken ya karkace, dole wani ya rungumo ta a gaban jama'a, mayafinta ya faɗi. Ba wanda ya yi dariya. Ta ce shirun ya fi dariyar ciwo. Ta haɗo kayanta ta dawo Batsari, yau kwana goma sha biyu. Saura mako uku jarrabawa, kuma wanda bai halarci gwaji ba ba ya zaman jarrabawar.

Na shirya na tafi makarantar da kaina, da tef ɗin awo a aljihu. Wani jami'i ya karɓe ni da mutunci, ya ce ai sun yi wa naƙasassu hanya, ya kai ni ya nuna mini. Ka san ɗan siririn simintin nan da magina ke zubawa a tsakiyar dakalin ƙofa don a tura babur cikin zaure? To, shi ne. Na durƙusa na auna. Faɗinsa inci goma sha huɗu, keken Nafisa inci ashirin da biyar. Kuma ko da ya ɗauke ta, baranda kawai zai kai ta, benen yana nan inda yake. Da na faɗa masa sai ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, ɗalibanmu akwai tausayi, kullum suna ɗaukarta."

Na san wannan tausayin fiye da shi, domin na taɓa zama mai shi. Yakan gaji, yakan ji kunya, wata rana a ba shi farar riga. Bai kamata karatun ɗan kowa ya rataya a kansa ba. Abin da na roƙa a rubuce kaɗan ne: akwai ɗaki a ƙasa da aka cika da karyayyun kujeru, a kwashe su, a sauko da gwajin. Har yau ba amsa.

Na yi wa Nafisa magana ta koma kafin amsar ta zo. Da can takan ce mini tsohon angonta, ta ja mini hula. Wannan karon ba ta yi wasa ba. Ta ce, "Alhaji, kai ba a taɓa ɗaukarka ba." 

Akwai kuma wani abu da nake jin nauyin rubutawa. Tun rasuwar Hajiya matata, idan yarinyar nan tana makaranta, nakan wuni ban ji muryar kowa a gidan nan ba sai ta ladan. Majalisarmu ta ƙofar gida ta watse, wasu sun riga mu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa birni kamar kai. Kwana goma sha biyun nan ina jin ƙarar kekenta a tsakar gida, ana tambayata ko na sha magani. Wani sashe na zuciyata yana so ta zauna. Saboda haka ban amince da kaina a kan wannan magana ba. Na taɓa karɓar uzuri don ya yi mini daɗi.

Kai ne ka san abin da ta sani. Ba na ce ka lallashe ta ba. Ka faɗa mata gaskiyar yadda goyo yake, da gaskiyar yadda shekara hamsin suke ga wanda ya tafi, ta zaɓa da idonta a buɗe. Idan kuma ka ga ya dace, ka sa hannu a ƙasan takardar da zan sake aikawa, domin su ji daga bakin wanda aka ajiye a gindin matakala.

Ka yafe mini, Isiyaku, ɗan'uwana. Na makara da wannan roƙo ƙwarai.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa tsufanmu ya yi kyau, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya buɗe wa yarinyar nan hanyar da za ta bi da kanta. Amin.

Naka har kullum,
Lawal, Batsari.

Abubuwan da na haɗo a cikin ambulan, ta hannun direban da ke zuwa Kaduna ranar Laraba:

Na ɗaya, shafi na goma sha ɗaya na littafin, da gyarana da jan biro.

Na biyu, zanen simintin da awonsa.

Na uku, takarda ta biyu zuwa makarantar, na bar maka wurin sa hannu a saman nawa.

Na huɗu, lambar waya a 'yar takarda. Ta Nafisa ce, ba tawa ba. Ba sai ka yi magana da ni ba kafin ka kira ta.