Tsamin Jini da Fayil ɗin Abdulbaqi

Bauchi, Litinin

Zuwa ga Yaya Khairat,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, Malam Irmiya zai sa mini hawan jini, wallahi. Shi ne shugabanmu a sashen ajiyar bayanan marasa lafiya. An ba mu aikin jera sunayen cututtuka a kwamfutar asibiti, kowace a ƙarƙashin danginta. Nawa kason shi ne rikicewar jini: wani jinin yakan yi tsami, wani kuma kamar an zuba masa kanwa, ko daga huhu ko daga ƙoda. Duk cutar da ta shiga dangin tsamin jini, da likita ya rubuta ta kwamfuta za ta nuna ja, a ruga da mutum gwaji.

To akwai tsamin da ciwon suga ke kawowa. Na sa shi wuri biyu, dangin suga da dangin tsami. Malam Irmiya ya goge ɗaya. Wai shekara talatin yana aikin nan, kowane fayil a kan kanta ɗaya ake ajiye shi. Na ce masa kwamfuta ba kanta ba ce, ya ce yaran yanzu ba mu san tsari ba. Ni Ni'ima, da 'ya'yana uku! Sau huɗu ina mayarwa yana gogewa. Idan tsamin nan ya zauna a dangin suga kaɗai, jan nan ba zai fito ba. Ranar Alhamis za a rufe jerin. Raina a ɓace yake, ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Ni'ima

Bauchi, Juma'a

Yaya Khairat,

Sallama da fatan kun tashi lafiya.

Jiya gardama ta ishe ni, na ce masa mu gwada da tsohon fayil. Ya ce in ɗauko wanda na ga dama, shi yana da aiki. Ban yi niyya ba, Yaya, ƙafata ce ta kai ni kantar bara. Na ɗauko na Abdulbaqi, Allah Ya jiƙansa.

Na shigar da abin da likita ya rubuta a kan ƙanenmu ranar da aka kawo shi daga Gubi. A tsarin Malam Irmiya kwamfuta ta yi shiru, ta sa shi layin masu suga. A nawa, kafin in ɗage yatsa ta yi ja.

Ya karanta sunan, ya ga sunan Baba a ƙarshe, ya dube ni. Ya tambaye ni awa nawa yaron ya yi a benci yana jiran a duba shi, na ce tara. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya rattaba hannu a kan tsarin nawa.

Na yi nasara, amma ko abinci na kasa ci. Don Allah kada ki karanta wa Inna wannan. Ita har yau ta ɗauka da isarsa aka duba shi.

Taki,
Ni'ima