Jan Biron Da Ya Rufe Miki Baki

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasata, inuwar da nake fakewa a cikinta tun gashina yana baƙi, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan maƙogwaron ya ɗan lafa. Na san babbar 'yarmu ce za ta karanta miki wannan takarda, tunda idonki ya daina shiri da ƙananan rubutu. Ke mai karatu, ki bi a hankali, kuma ban da dariya, don da ke a cikin maganar.

Shekarun baya an taɓa ba ni wani labari, ban yarda ba. Mai askina ne ya fara tsegunta mini, aska a wuyana, wai kina da wata doguwar waƙa da kika tsara a kaina, wai matan layinmu duk sun iya ta, da ita suke wanki. Na yi dariya har ya kusa yanka ni. Ni? Malamin makaranta mai ƙurar alli a hannun riga, mai tabarau ɗaure da zare, wa zai ɓata muryarsa a kaina? Bayan shi mai kanti ya maimaita. Na ce surutun unguwa ne, ai kowa ya san kin daɗe da barin waƙa. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne: wa ya sa kika bari?

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Igiyar shanyarku ta tsinke, kayan da kika wanke suka zube a ƙasa. Wata da kuka za ta sa, ke kuwa kika riƙe ƙugu kika shiga yi wa igiyar waƙar zambo, kika tono mata asali har kakanninta. Ina bayan katanga riƙe da keke, na manta inda za ni. Wayyo muryar nan! Kamar ruwa yana gangarowa kan dutse, kamar kurciya bayan an ɗauke ruwan sama. Ni da kakata ta raina da tatsuniya, na san zaƙin magana tun ban san baƙi ko ɗaya ba, nan take na gane irin abin da na ji. Da kunne na fara sonki kafin ido ya sa baki.

Sai karatu ya shiga tsakani. Na haddace wata ma'ana a kwaleji, na yi shekara talatin ina rubuta ta a kan allo: adabi shi ne kyakkyawan zance da mawallafi ya rubuta a littafi. Na so jumlar nan, don gajeriya ce, tana da sauƙin dubawa a jarrabawa. Ban lura ta kori kakata waje ba, ta turo ƙofa.

Wata rana na ba ajina aikin gida, kowa ya kawo misali ɗaya na adabi. Wannan da ke karanta miki yanzu tana cikin ajin, shekararta goma sha biyu. Ta zauna ta rubuto waƙar da kike yi wa ƙaninta idan yana kukan haƙori, baiti huɗu, da rubutunta mai kyau. Na zaro jan biro na ja layi daga sama har ƙasa, na rubuta a gefe: "Wannan ba adabi ba ne. Ina mawallafi? Ina littafi?" Har ina jin na yi adalci, ban fifita 'yata ba!

Ta kawo miki littafin kina gugar rigata. Kika sa ta karanta miki abin da Baba ya rubuta. Kika yi murmushi kika ce, "To, ai Malam ya fi mu sani." Kika ci gaba da guga, kwalar ma ta fi kullum miƙewa. Tun ranar, da zarar kin ji ƙarar kekena a bakin ƙofa sai gidan ya yi tsit. Ni kuma, da wayona, na ɗauka girmamawa ce.

Kin ga abin da ma'ana take yi, hasken gidana? Na zaci jumla ce kawai ta cin jarrabawa, ashe katanga ce. Wanda ya gina ta shi yake zaɓen wa za a shimfiɗa wa tabarma a ciki, wa zai tsaya a rana. Abin da ya faɗa waje ba mai rubuta shi, ba mai koya wa yara shi, mai shi ma sai ya fara jin kunyarsa. Ni na gina tawa, na bar matata a waje, na zauna a ciki da kabad ɗin littattafai da gara take ci.

Yanzu da na bar aiki, ga lokaci kamar in sayar, na yi ta juya maganar. Ɗaliban da na sa suka haddace shafuka da bulala, nawa ne za su iya kawo layi ɗaya yau? Na haɗu da ɗaya a tasha, da gemunsa, sunan littafin ma ya ɓace masa. Amma autarmu tana yi wa jaririnta waƙar haƙorin nan, baiti huɗu cif, ba wanda ya taɓa ba ta maki. To ga sabuwar ma'anata, ban samo ta a wurin kowa ba: adabi shi ne maganar da aka gyara, aka yi mata ado, har wani ya ɗauke ta ya riƙe ba tare da an tilasta masa ba. Takarda akwati ce kawai. Da ita da babu ita, kayan suna nan. Idan masana ba su yarda ba, su zo su same ni, ina zaune ba inda za ni.

Saura kwana tara a shiga da ke ɗakin tiyata, a yi miki aikin maƙogwaro. An ce da yardar Allah za ki tashi lafiya, amma muryar ba wanda ya yi mana alkawarinta. Ashe zan iya rasa abin da na toshe wa kunne shekara talatin da ɗaya? Wace irin asara ce wannan, mutum ya kwana da kogi a tsakar gidansa ya mutu da ƙishirwa? Ya tauraruwata, ya sanyin safiyata, ki tausaya wa tsohon nan. Gobe da hantsi zan zo asibiti. Ba littafi, ba biro ko wane launi. Zan zauna a ƙasa kusa da gadonki yadda nake zama gaban kakata, ki rera mini waƙar, ko da raɗa ne, ko da zambo ne irin na igiyar shanya, don na san na cancanta. Zan riƙe ta da ka. Idan muryar ta dawo, mun gode Allah. Idan ba ta dawo ba, ni zan riƙa rera miki ita da wannan muryar tawa ta tsohon kwaɗo, ki riƙa gyara mini da ido.

Naki ne ni, da murya da babu murya, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,
Mijinki, ɗalibinki da ya makara.

Af, saura abu ɗaya. Sati gudan nan da kika roƙa a ƙara miki kafin aiki, wai akwai baitin da ya rage a waƙar Malam, don Allah ki janye. Kawo ta haka a gutsure, ranki ya fi mini baiti. Kuma kada ki hau 'yarmu da faɗa, ba ita ta tona ba. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe, wanda na yarda da shi, jiya ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Likitanki ne.