Sabulun Ladidi

Ƙarfi,
6 ga Fabrairu, 1983.

Zuwa ga aminiyata Liatu,

Ki yi mini gafara da na dame ki da wannan takarda, ga hidimar gida ta yi miki yawa, ga rubutun bokon da kika koya mini har yau bai miƙe ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Malam Istifanus da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya zaman Malumfashi? Tun da kuka tashi, gidanku shiru, ba mai leƙo ni ta kan katanga.

Barakatu, 'yar marigayiya yayata da na riƙa, ta sauka. Mace aka samu ran Lahadi, ana kiranta Ladidi. Kin san biyu ta binne kafin wannan, shi ya sa na ce ba sabulun kasuwa da zai taɓa jikin yarinyar, ni zan yi mata irin wanda kika koya mini.

Na kankare farin sabulun, na tanadi man kaɗanya da zuma da gwangwanayen zubi. Ban manta da gargaɗinki ba, cewa ƙaramar tukunya a cikin babba mai ruwa ake sa ta, kada wuta ta taɓa gindinta. Amma babbar tukunyar tana gidan Barakatu ana dafa ruwan wankan jego. Sai na ɗora ƙaramar kai tsaye a kan murhu, na sa kara kaɗan, na tashi sallar la'asar. Kin san halina. Ina sallamewa sai shakka ta kama ni, uku na yi ko huɗu. Na sake. Sai kuma na tuna kamar ban shafi kunne ba, na koma na sake alwala. Ƙauri ne ya fito da ni daga ɗaki.

Na tarar ya tafasa ya yi kumfa ya zubo, gindin ya kama ya yi ja kamar ƙanzo. Na ƙara ruwa na juya, na zuba a gwangwani, har washegari bai daskare ba, yana nan kamar kunu. Ga suna ya matso. Liatu, sodar nan da kika bari a kwalba, wadda kika ce kada in taɓa sai kina nan, ita na ɗebo cokali biyu na zuba, na sake narkawa. Ya daskare kamar dutse. Na sa turare ya danne ƙaurin. Na wanke hannuna da shi ban ji komai ba, amma hannun da ya shekara talatin yana surfe me zai ji?

Na kai wa Barakatu, yau kwana biyar ana yi wa yarinyar wanka da shi. Wuyanta da hammata da matsematsinta sun yi ja, fatar tana saɓulewa. Kuka take har muryar ta dishe. Iya Tsohuwa, uwar mijin Barakatu, ta ce ba komai ba ne sai mugun nono, shi ya kashe na farko da na biyu.

Ban ce komai ba. Ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba, ina kuma tsoron shirun. Na dai ɗauke ragowar sabulun a ɓoye na taho da shi. Ke kika san aikin nan. Sabulun da ya ƙone aka sa masa soda yana yin haka? Ki ba Malam Isaiah tela amsa, shi zai kawo miki wannan.

Ki gaida kowa. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Rabi'atu.

Ƙarfi,
15 ga Fabrairu, 1983.

Zuwa ga aminiyata Liatu,

Ina sake neman afuwa. Ina fata kun dawo lafiya. Malam Isaiah ya ce ya tarar kin tafi Funtua gaisuwar mutuwar kawunki, ya bar takardar a hannun maigidanki. Allah ya ba ku haƙuri.

Ba sai kin amsa waccan tambayar ba. Kwana huɗu na yi ina jiranki, rana ta biyar na jiƙa ɓallin sabulun na ɗaure shi da tsumma a cikin damtsena, inda fata take da taushi. Daga azahar zuwa la'asar wurin ya tashi ya ɗuri ruwa. Ni da nake da shekara arba'in da bakwai ke nan.

A cikin kwanakin nan da na zauna jira aka gwada nonon Barakatu. Aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, ba ta fita ba, wai alamar mugun nono ke nan. Tun ranar aka cire yarinyar daga nono, aka koma ba ta madarar shanu da cokali, ita kuwa uwar ana ta ɗura mata jiƙo. Ina wurin aka yi, Liatu. Ni na riƙe ludayin. Barakatu ta dube ni ta ce in roƙa mata Allah ya yafe mata, tun da jikinta ne ke kashe mata 'ya'ya.

Da na ga abin da ya yi wa damtsena, na yafa mayafi na tafi ko izinin Malam, maigidana, ban nema ba. Na durƙusa gaban Iya Tsohuwa da Maitama, mijin Barakatu, na kwance tsumman na nuna musu, na faɗi komai, har da turaren. Iya ta ce ƙarya nake don in rufa wa 'yata asiri, ai tururuwa ba ta san sabulu ba. Maitama ya daɗe yana kallon hannuna. Barakatu ta juya fuska bango. Na roƙa a mayar da yarinyar nono. Maitama ya sa aka mayar, amma ba ta da ƙarfin kamawa, nonon ma ya ja baya. Fatar ta fara bushewa tun da na ɗauke sabulun, sai dai zawo ya kama ta, maɗigarta ta faɗa.

Jiya da safe Maitama ya sa su a mota zuwa asibitin Malumfashi. Ya aiko a gaya mini kada in biyo su. Malam kuma ya ce na zubar masa da mutunci a gari, ba inda zan sake fita. Ban ga laifin kowa ba. Ina salla, amma ban san me nake karantawa ba.

Ba ni da kowa a can sai ke. Don girman Allah ki je ɗakin yara na asibitin ki nemi Barakatu matar Maitama daga Ƙarfi. Ki kai mata ko kunu ne, ba ta iya cin abinci in ranta ya ɓaci. Kada ki ce ni na aiko ki. In ta ba ki dama, ki gaya mata da bakinki cewa ba nononta ba ne, ke za ta yarda da ke. Sannan ki duba mini yarinyar da idonki.

Malam Isaiah zai dawo jibi. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne, tana da rai ko babu. Kada ki sassauta mini, kuma don Allah kada ki jinkirta.

Taki,
Rabi'atu.