Ɗakin da Dutse Yake Ɗumama Mini Ya Fara Kashe Kyandir

Nha Custódia, don girman Allah ki taimake ni, ki amsa mini kafin makon nan ya fita. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a garinmu ba tare da ta riga ni isa coci ranar Lahadi ba.

Ni matar aure ce a Chã, cikin kwarin dutsenmu na tsibirin Fogo. Amma ba nan aka haife ni ba, daga Mosteiros aka kawo ni, can bakin teku, kuma har yau da na aurar da 'ya, surukata Nha Zulmira ba ta daina kirana 'yar masunta ba. Mijina Ermelindo jagora ne, shi yake hawa da baƙi kan Tsoho, wato dutsen nan namu mai aman wuta, da asuba, ya sauko da su a guje cikin baƙar toka suna ihu kamar yara. Ni kuma ina riƙe da 'yan ɗakunan saukar baƙi, in dafa musu kachupa, dafaffiyar masara da wake irin tamu, in yanka musu cukun akuya, in faɗa musu inda za su je da inda ba za su je ba.

Kin san yadda muka yi bayan wutar da ta wuce. Ta binne gidanmu har rufi, aka kwashe mu zuwa wasu gidaje can gangaren dutse aka ce kada mu dawo, muka dawo. A kan narkakken dutsen da ya daskare bisa tsohon gidan muka ɗora sabo, tun bai gama hucewa ba. A shekarun farko ba a taka daɓen nan sai da takalmi. Sannu a hankali ɗakunan suka huce, sai guda ɗaya na ƙurya da ya riƙe ɗuminsa kamar burodin da aka fitar daga tanda ɗazu. A nan nake ajiye ƙullu ya tashi, a nan nake shanya in sama ta ƙi. Wani baƙo ya kwana a ciki ya je ya baza labari, yanzu kowa shi yake nema. Ba sa ma hawa gado. Jawo katifa suke yi ƙasa, wai su ji Tsoho yana gasa musu baya cikin sanyin nan namu. Wannan ɗakin shi ya tsayar da mu da ƙafafunmu, ba zan ɓoye miki ba.

To, tun bayan ruwan bana ɗakin ya sauya. Wata siririyar tsaga ta buɗe daga gindin bango zuwa ƙarƙashin gado. Ɗumin ya ƙaru, har ƙullu na zubowa daga kwano kafin in juya. Wani dattijo Bajamushe ya tashi da safe yana riƙe da kai, na ce masa giyarmu ce, ba a yi mata shan ruwa, muka yi dariya. Ni kaina na durƙusa ina goge daɓe, sai na ji ɗakin yana juyawa, zuciyata na bugawa kamar na hau tudu. Na ce tsufa ne. Sai kazata mai yawan satar shiga ƙarƙashin gadon nan ta yi ƙwai, na same ta a can a sanƙare, ba rauni, ba komai.

Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne kyandir. Ranar tunawa da mahaifiyata na kunna mata ɗaya a ɗakin, saboda nan ne babu iska. Yana kan tebur yana ci lafiya lau. Na sauke shi ƙasa don in share teburin, sai harshen wutar ya ƙanƙance ya mutu, kamar an sa yatsu an matse shi. Na sake kunnawa, na sake saukewa, ya sake mutuwa. Nha Custódia, ƙofa a rufe take, taga a rufe. Na fito da baya-baya.

Na gaya wa Ermelindo. Ya yi dariya ya ce Tsoho numfashi yake yi, wai ranar da ya daina numfashi ita ce ranar tsoro. Amma na ga bai shiga ɗakin ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana leƙe. Uwarsa kuwa cewa ta yi kajin Chã ba su taɓa yi wa kowa alkawarin dawwama ba, kuma in ina jin tsoro, motar da ke sauka ƙasa tana tashi kullum da safe, kifaye na can suna kewata. Da ta gama ba'ar sai ta sassauta murya ta ce, duk wanda ya kira masu na'urar auna dutse har manyan motoci suka sake zuwa kwashe mutane, to ya nemi wata maƙabartar tun yanzu, don ba za a binne shi a nan ba. Kin san halinmu. A Chã ba a kai ƙarar Tsoho wurin hukuma. Tsakaninmu da shi ne, ya ƙwace gona, ya mayar da inabi. Wanda ya fita da maganarsa waje, ya sayar da gari.

Ga abin da ya sa nake rubuto miki. Wata baiwar Allah mai suna Adalgisa tana tafe hutu daga Lisbon ƙarshen makon nan, ita da mijinta da 'yarsu da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Mahaifiyarta 'yar Fogo ce, ta rasu ba ta dawo ba, ita kuma tana so ta ga inda uwarta ta yi ƙuruciya. Kullum tana aiko mini da saƙo a waya, wane takalmi za su kawo, ina za su fara gani, ko ana iya wanka a teku. Har "inna" take kirana. Jiya ta roƙe ni in shimfiɗa wa yarinyar 'yar katifa a ƙasa cikin ɗaki mai ɗumi, saboda tana yawan mura. Na karanta, na kasa amsawa. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa wa baƙo ba.

In na yi magana, wataƙila a rufe kwarin nan, maƙwabtana su rasa gidajen da suka gina da hannunsu karo na biyu, a ce 'yar masunta ce ta ja. In na yi shiru, duk lokacin da na rufe ido kazar nan nake gani, sai ta koma yarinya. Ko kuwa tsoro ne kawai irin na wadda ba 'yar gari ba? Shin Tsoho zai sake tashi ne a ƙarƙashin gidana? Me zan ce wa Adalgisa? Ban iya ci, ban iya barci.

Taki,
Wadda ta kasa shiga ɗakinta

*

'Yata,

Zauna tukuna, ki sha ruwa. Wasiƙarki ta zo da tambayoyi a cakuɗe kamar wake da tsakuwa, bari mu tsince.

Na fari ba ya jiran shawarar miji ko ta suruka: babu mahaluƙin da zai sake kwana a ɗakin nan. Yau ɗin nan ki buɗe tagarsa daga waje, ki sa wa ƙofar kwaɗo, makullin ya zauna a jikinki. Kada ki koma ki durƙusa a ciki, kuma ki bar gwajin kyandir, ya riga ya faɗi abin da zai faɗa. Akwai wata iska da dutse irin namu yake fitarwa, ba launi ba wari, ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwano. Mai tsaye ba ya jin ta. Kaza tana ji, mai goge daɓe tana ji, mai barci a katifar ƙasa kuwa ba lallai ya farka ya ba da labari ba. Tsoronki ba na baƙunta ba ne. Da a tsakiyar kwarin aka haife ki, kyandir ɗin nan mutuwa zai yi.

Ko Tsoho zai tashi? Ban sani ba, Ermelindo bai sani ba, Nha Zulmira ma da take magana kamar tare suka yi wasan ƙasa ba ta sani ba. Yana yiwuwa ruwan sama ne ya gangara ya tarar da zafin da ke kwance ƙarƙashin gidanki, ya buɗe masa hanya, matsalar ta tsaya a ɗaki ɗaya. Yana yiwuwa kuma ta fi haka. Masu na'ura ne kaɗai za su raba gardama, don haka sai an kira su.

Kada ki ɗauki surukarki muguwa. Matar da aka ɗora a bayan mota tana kallon wuta na haɗiye gidanta, aka ajiye ta inda ba gona ba akuya, tana da dalilin ƙin jin ƙarar manyan motoci. Mijinki ma da ya yi dariya a bakin ƙofa bai shiga ba, tsoro yake ji, nasa ne dai ya sa hula. Ba kuma zan yi miki alkawarin cewa ba abin da zai biyo baya ba. Wataƙila ki rasa ɗakin har abada, wataƙila a daina gaishe ki na wani lokaci.

Amma al'adar nan da suke tsorata ki da ita, sun riƙe rabinta ne sun yar da rabi. Kakata, wadda ta ga wuta tun kafin a kawo mota tsibirin nan, takan ba mu labarin yadda ake yi. Duk wanda ya fara jin ƙasa ta motsa, ko ya ga awaki sun ƙi shiga garke, ba gida yake komawa ya ja bargo ba. Bin ƙofa-ƙofa yake yi yana bugawa. Shi ya sa mutanen Chã suke samun sukunin cire ƙofofi da tagogi, su mirgina gangunan giya kan tudu, su tsaya suna kallon wuta tana wucewa suna zaginta. Ba shiru ne ya raya su ba, gaya wa juna ne. Ki tambayi Nha Zulmira, cikin ladabi, wa ya buga mata ƙofa a wancan karon, kuma ko ta taɓa kiransa maci amana.

Ga yadda za ki yi. Ki sami Ermelindo shi kaɗai, ba a gaban uwarsa ba. Ki ce masa ke ba za ki kwantar da 'yar mutane a ɗakin ba, kuma za a kira masu aunawa gobe. Ki ba shi zaɓi ɗaya tak: ya kira da bakinsa, a matsayin jagoran da ya san dutse ya kuma lura da sauyi, ko ke ki kira. Ina zaton zai karɓa, maza suna son a ce su suka fara gani. In ya ƙi, ki ɗaga waya. Kafin su iso, ki gaya wa maƙwabtan da suka yi gini a kan dutse ɗaya da ku su duba nasu ɗakunan, kada yara su kwana a ƙasa. Sauran ɗakunanki ma a auna su kafin ki sa kowa.

Adalgisa kuwa, gaskiya za ki faɗa mata yau, a taƙaice: ɗakin yana fitar da iska marar kyau, kin rufe shi. Uwa ce, godiya za ta yi. Ki nemo musu masauki a São Filipe, babban garin tsibirin, su fara da tsofaffin gidajen bene da kasuwa, su huta gajiyar jirgi. Baƙin yashin bakin teku a kalle shi da ido, igiyar ruwan wajen ba ta san baƙo ba. In wanka suke so, a kai su Salina inda duwatsu suka tare ruwa, nan ma hannun yarinya a cikin na uwarta. Ki tura su Mosteiros wurin danginki su sha kofi a gindin bishiyarsa. In masu aunawa sun ce kwarin lafiya, su hauro da rana, da rigar sanyi da takalmi mai rufe idon sawu, su ga inabi na tsirowa cikin toka, su ci abincinki, su sauka kafin duhu. Hawan ƙololuwa na mijinta ne da Ermelindo, ba a kai ƙaramin yaro can. Ki kuma nemo tsohuwar da ta san mahaifiyar Adalgisa, ta zaunar da ita ta ba ta labari. Wannan ta zo nema, ba ɗumin daɓe ba.

Ki tashi ki yi abin da kika riga kika san shi ne daidai tun kafin ki ɗauki alƙalami. Allah ya sa abin ya tsaya a ɗaki ɗaya, ya sanyaya zukatan mutanen gidanki, ya mayar miki da barcinki. Yarinyar nan kuma ya sa ta koma gida lafiya, ba abin da ta ɗauka daga dutsenmu sai baƙar toka a takalmi.

Nha Custódia